Taurin Kai ne ko Rauni? Gwajin Ƙwaƙwalwa da Jinyar Masu Jarabar Giya

A ce mutum ya kwana goma a asibiti ana raba shi da giya. Rawar hannu ta lafa, abinci ya fara shiga, barci ya fara dawowa. In ka zauna da shi hira ba za ka ce akwai abin da ke damunsa ba. Maganarsa tsaf, yana ba ka labarin aikinsa dalla-dalla, har da sunayen waɗanda suka yi makaranta tare shekara talatin da suka wuce. Sai mai gwaji ta miƙo masa fensir da takarda mai ɗauke da da'irori 25 a warwatse, wasu da lamba a ciki, wasu da harafi. Ta ce ya ja layi daga 1 zuwa A, daga A zuwa 2, daga 2 zuwa B, haka har ƙarshe, kada ya ɗaga fensir. Ya yi murmushi, ya fara da sauri. Yana kaiwa 4 sai ya zarce 5, ya manta da harafin da ke tsakani. Ta nuna masa, ya koma. Can gaba ya sake yin kuskuren nan dai. Sai ya tsaya, fensir na shawagi a saman takarda, yana neman inda ya kwana. Abin da tsaransa mai lafiya zai gama cikin minti ɗaya da 'yan kai, shi ya cinye masa fiye da minti uku, kuma da ya ajiye fensir ya ce ai da sauƙi.

Wannan gwaji tsoho ne, a 1944 sojojin Amurka suka fara amfani da shi, kuma har yau yana cikin waɗanda suka fi tona asirin ɓarnar da giya ke yi wa ƙwaƙwalwa. Abin da ya sa na fara da shi shi ne abin da zai faru da mutumin nan bayan awa biyu. Za a shigar da shi ɗakin zaman nasiha, a ce ya lissafa wurare da mutane da yanayin da ke ja masa sha'awar sha, ya tsara abin da zai yi idan ɗayansu ya taso, ya riƙe tsarin a ka, ya tuna da shi ranar da ransa ya ɓaci, ya danne hannunsa ya bi sabuwar hanya maimakon wadda ya saba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin sashen ƙwaƙwalwar nan ne da ya kasa tafiya daga 4 zuwa D. Jinyar jarabar giya karatu ce, kuma ana ba da karatun ne a daidai lokacin da kan ɗalibin ya fi rauni. Idan bai ɗauka ba, sau da yawa abin da ake rubutawa a fayil ɗinsa shi ne bai shirya dainawa ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kimanin mutum miliyan 400 na fama da matsalar shanta. A cikin waɗanda ke zuwa neman magani, masu bincike sun daɗe suna kiyasta cewa kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na da wani rauni a tunani wanda gwaji zai iya ganowa. Ga mafi yawansu raunin matsakaici ne, ba irin wanda ke sa mutum ya ɓata a cikin gidansa ba. Kuma yana da wayon ɓuya, domin abubuwan da muke auna hankalin mutum da su a zaman yau da kullum, wato iya magana, sanin kalmomi, da tsohon ilimi, su ne giya ta fi ƙyalewa. Waɗanda take taɓawa su ne tsara abu kafin a yi shi, sauya dabara idan ta farko ta ƙi, riƙe abu biyu a ka lokaci guda, taka wa kai birki, koyon sabon abu, gane fasali da tazara, da daidaita jiki wajen tafiya. Har karanta fuska ma yana raunana. An sha gano cewa masu jarabar giya na kuskuren fahimtar abin da fuskar wani ke nunawa, su ga fushi ko raini a inda babu. Wanda ya san yadda rigimar gida ke mayar da mutum ruwa zai gane nauyin wannan.

Ɓarnar ba ta hanya ɗaya take shigowa ba. Ita kanta giyar guba ce ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke haɗa sassanta, musamman ɓangaren goshi da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Aikin Edith Sullivan da Adolf Pfefferbaum a Kalifoniya, na shekaru da dama da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa layin sadarwar da ke tsakanin waɗannan sassa biyu ne ke shan wuya ƙwarai. Sannan ga hanta, wadda idan ta gaji sai dattin da ya kamata ta tace ya hau kai. Ga faɗuwa da haɗari da duka a ka, waɗanda mashayi kan tara ba tare da ya ƙirga su ba. Ga kuma abin da mutane ba su cika zato ba: ita kanta dainawar farat ɗaya tana girgiza ƙwaƙwalwa, har takan kai ga farfaɗiya da gushewar hankali, shi ya sa wanda ya yi nisa bai kamata ya yanke sha shi kaɗai ba tare da likita ba. Binciken Theodora Duka a Jami'ar Sussex ta Ingila ya nuna waɗanda aka sha kwantarwa ana cire musu giya suna komawa sun fi nuna rauni a gwaje-gwajen ɓangaren goshi. Tufka da warwara kenan da ke barin tabo.

Hanyar da ta fi ba ni takaici ita ce ta ƙarancin bitamin B1, wanda ake kira tayamin, domin ita ce mafi sauƙin tarewa. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, 'yan makonni kaɗan sun isa ya ƙare. Mashayi ba ya cin abinci yadda ya kamata, giya na hana hanji tsotse ɗan abin da ya samu, hantar da za ta adana shi kuma ta lalace. Idan ya ƙare sai wasu ƙananan wurare a can tsakiyar ƙwaƙwalwa su fara mutuwa. Carl Wernicke, likita Bajamushe, ya bayyana ciwon a 1881 da alamomi uku: ruɗewa, tangaɗi, da rikicewar motsin ido. Bayan 'yan shekaru, daga 1887, Sergei Korsakoff na Rasha ya bayyana abin da kan biyo baya, wato mantuwa mai tsanani da ba ta barin sabon abu ya zauna a ka. A 1986 Clive Harper da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostireliya suka duba bayanan mutum 131 da binciken gawa ya tabbatar sun mutu da ciwon Wernicke. Kashi 80 cikin ɗari ba a gane suna da shi ba sa'ad da suke raye. Kashi 16 kacal suka nuna alamomin nan uku gaba ɗaya. Likitan da ya tsaya jiran alamomi uku zai rasa mafi yawan marasa lafiyarsa, kuma mutumin da ke tangaɗi yana sambatu yana warin giya, kowa zai ce maye ne kawai. Maganin allurar tayamin ce da wuri, mai yawa, ta jijiya ko tsoka, domin ƙwayar haɗiya ba ta shiga jikin irin wannan mutum yadda ake bukata.

Akwai wani labari daga 1911 da duk mai karatun wannan fanni ya sani, kuma ina ganin darasin jinya na cikinsa. Édouard Claparède, masani ɗan ƙasar Suwizalan, yana kula da wata mata mai ciwon Korsakoff wadda kullum sai ya sake gabatar mata da kansa, domin da ya fita ɗakin ta manta da shi. Wata rana ya ɓoye allura a tafin hannunsa ya miƙa mata hannu, ta soke ta. Ba a jima ba ta manta abin da ya faru. Amma da ya sake miƙo hannu sai ta janye nata. Ya tambaye ta dalili, ta ce ai wani lokaci mutane kan ɓoye allura a hannu. Ba ta tuna abin ba, amma wani sashe nata ya koya. Wato ƙofar koyo ba ɗaya ba ce. Idan ta tunawa da labari ta rufe, ta sabo da maimaici na nan a buɗe, kuma ta nan ake bi a yau a koya wa masu wannan ciwo hanyar ɗakinsu, amfani da littafin tunatarwa, da ayyukan gida.

To me ake yi a ɗakin gwaji? Cikakken gwaji kan ɗauki awa biyu ko fiye, a hannun masanin halayyar ɗan'adam da ya ƙware a alaƙar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a. A karanta wa mutum jerin kalmomi sau biyar a ga nawa yake ƙarawa kowane zagaye, sannan a sake tambayarsa bayan minti ashirin ko talatin. A ba shi wani zane mai sarƙaƙiya, wanda André Rey ya ƙirƙiro a 1941, ya kwafa, daga baya ya zana shi da ka. A nuna masa sunan launi da aka rubuta da tawadar wani launi dabam, a ce ya faɗi launin tawadar, kada ya karanta kalmar, gwajin da John Ridley Stroop ya wallafa a 1935. A ba shi kati ya rarraba bisa wata ƙa'ida da zai gano da kansa, sai a sauya ƙa'idar ba sanarwa, a ga ko zai saki tsohuwar ko zai nace mata. Wannan nacewar, mutum na ganin ana ce masa ba daidai ba amma yana maimaita abu guda, duk wanda ya zauna da mai jarabar giya ya san kamanninta a wajen ɗakin gwaji.

Yawancin cibiyoyin jinya ba su da ƙwararre ko lokacin yin wannan duka, shi ya sa ake amfani da gajerun gwaje-gwajen tacewa. Wanda likitoci suka fi sabawa da shi, MMSE na 1975, bai cika kama raunin ɓangaren goshi ba, mutum na iya cin maki mai kyau alhali yana da matsala. MoCA, wanda Ziad Nasreddine ya wallafa a Kanada a 2005, mai maki 30 da ake yi cikin minti goma, ya fi shi gani a nan. Masu bincike a birnin Caen na Faransa kuma sun fitar da BEARNI a 2015, wanda aka tsara musamman don masu matsalar giya, har da gwajin tsayuwa da daidaito. Minti goma zuwa ashirin ba abin da zai gagari cibiya ba ne, kuma a ganina duk inda ake karɓar mai jarabar giya ba a yi masa ko da wannan ba, ana aiki ne a cikin duhu.

Nan ne batun musu ke shigowa. An daɗe ana koyar da cewa babbar alamar mashayi ita ce ƙin yarda yana da matsala, kuma a wasu cibiyoyi a Amurka, musamman shekarun 1970 da 1980, maganin da aka ɗauka shi ne a tsare shi a gaban jama'a a faɗa masa magana mai zafi har ya karaya. Tabbas akwai musun da kunya da tsoro ke haifarwa. Amma akwai wanda asalinsa rauni ne. Don mutum ya yarda shansa ya yi yawa, sai ya tuna nawa ya sha, ya haɗa wannan da rigimar jiya da korar da aka yi masa bara, ya auna, ya sauya hoton da yake da shi na kansa. Masu binciken Caen ɗin nan sun nuna cewa masu jarabar giya kan zaci ƙwaƙwalwarsu ta fi yadda take aiki, suna hasashen za su tuna abin da ba za su tuna ba. Mutumin da ya ce gwajin da'irori da sauƙi ba ƙarya ya yi ba, haka ya gani. Tsawa ba ta gyara wannan. William Miller, wanda ya fito da salon hirar zaburarwa a 1983, wato jawo mutum cikin lumana ya faɗi dalilansa na son dainawa da kansa, shi da abokan aikinsa sun wallafa a 1993 cewa gwargwadon yadda mai nasiha ke fito-na-fito da mara lafiya, gwargwadon yadda mara lafiyar ke shan giya bayan shekara guda.

Zuwa nan mai karatu zai ce magana ta ƙare: a gwada kowa, wanda ya faɗi gwaji shi zai koma ruwa, sai a ba shi magani na dabam. Haka masu bincike ma suka zata, kuma sakamakon bai zo musu da sauƙi haka ba. Binciken MATCH, wanda cibiyar nazarin giya ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, ya raba mutum 1,726 zuwa jinya iri uku cikin mako 12: koyar da dabarun tunani da ɗabi'a a zama 12, zaburarwa a zama 4, da kuma shigar da mutum tsarin matakai goma sha biyu na AA, ƙungiyar masu jarabar giya da ke taimakon juna su daina, a zama 12. Manufar ita ce a gano wane irin mutum ya dace da wace jinya, kuma raunin tunani na cikin abubuwan da aka yi hasashen za su raba gardama. Da sakamako ya fito a 1997, dukkan hanyoyin uku sun yi aiki kusan daidai, kuma yawancin hasashen dacewar, har da na raunin tunani, bai tabbata ba.

Da an tsaya nan da sai a ce gwajin ƙwaƙwalwa ɓata lokaci ne. Marsha Bates ta Jami'ar Rutgers da abokan aikinta suka koma cikin bayanan MATCH ɗin, suka wallafa abin da suka gano a 2006. Raunin bai nuna kai tsaye wa zai koma sha ba, amma ya sauya hanyar da ake bi a warke. Masu rauni sun fi tsallake zaman jinya, kuma ba su kai sauran amincewa da cewa za su iya ƙin sha ba. A wajen mai lafiyayyen tunani, idan ya ce na tabbata zan iya, maganarsa na hasashen abin da zai faru. A wajen mai rauni, wannan tabbacin bai cika nuna komai ba. Sannan masu raunin sun fi shiga harkokin AA, kuma hakan ya taimake su. Fahimtata ita ce wanda birkinsa na ciki ya yi sanyi yakan tsira ne da birkin waje: taro a rana kaza da ƙarfe kaza, mutumin da zai kira shi a waya, gajerun kalmomin da ake maimaitawa har su zauna, da zama cikin waɗanda ba sa sha. Don haka amfanin gwaji shi ne ya gaya wa mai jinya ta wace ƙofa zai shiga. Mayar da shi alƙalin da zai yanke wa ya cancanci magani kuskure ne babba.

Dalili na biyu da ya sa bai kamata sakamakon gwaji ya zama tambari a goshin mutum ba shi ne ƙwaƙwalwa na farfaɗowa. A 1978 Peter Carlen da abokan aikinsa a Toronto suka nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa motsewar da aka gani a wasu mashaya ta ragu bayan sun daina, abin da a lokacin mutane da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba. Makonnin farko ana samun sauyi mai sauri. Amma wani nazari na 2013 da Stavro da Pelletier da Potvin suka yi, wanda ya tattara bincike 62, ya nuna raunin na nan a fannoni da dama har cikin shekarar farko, kuma sai bayan shekara guda ba sha ne yawancinsa ke komawa kusa da daidai. A ajiye wannan kusa da tsarin kwantarwa na kwana 28 da ya shahara daga jihar Minnesota ta Amurka ya bazu. Ana zuba mafi yawan darasi a watan da rariya ta fi manyan huji, sannan a sallami mutum a lokacin da kansa ya fara iya riƙewa. Ko masu ciwon Korsakoff ma, waɗanda aka saba ɗauka sun tafi kenan, tsohon binciken Victor da Adams da Collins ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na warkewa sosai, kusan rabi na samun sauƙi gwargwado.

Akwai wuraren da gwajin kansa ke iya zaluntar mutum. Idan aka yi shi kwana biyu da daina sha, ana cikin magungunan kwantar da jijiya, abin da aka auna hazo ne. Baƙin ciki mai tsanani da rashin barci na rage maki. Ga batun karatu: gwajin da'irorin nan ya ɗauka cewa jerin haruffa na kan harshenka, zanen Rey ya ɗauka ka saba riƙe fensir. Tun farkon shekarun 1930 Alexander Luria, masani ɗan Rasha, ya ga a ƙauyukan Uzbekistan cewa manoman da ba su yi makaranta ba na rarraba abubuwa bisa amfaninsu a aiki, ba bisa rukunin da mai gwaji ke nema ba, kuma hankalinsu ƙalau. MoCA na ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma maki ɗaya ba ya cike tazarar da ke tsakanin wanda aka tsara gwajin dominsa da wanda bai taɓa zama a aji ba. Sai kuma tambayar wanne ya riga wanne. Henri Begleiter ya nuna a 1984 cewa yara maza 'ya'yan mashaya, waɗanda ba su taɓa kurɓar giya ba, na da bambanci a wani motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Wani ɓangare na raunin birkin da ake gani a asibiti yana iya kasancewa ya riga kwalbar farko.

Abin da ake yi da sakamakon ba ya bukatar na'ura mai tsada. A gajarta zama, a ɗauki batu ɗaya a rana. A rubuta, a ba shi ya tafi da shi. Maimakon a tambaye shi ko ya gane, a ce ya maimaita da bakinsa. A gwada yadda zai ƙi tayin sha a aikace, sau da yawa, har ya zama sabo. Ga mai mantuwa mai tsanani, kada a bar shi ya yi ta canka, domin kuskuren ne zai zauna masa, abin da Alan Baddeley da Barbara Wilson suka nuna a 1994. A shigo da wani na kusa da shi cikin tsarin. Idan an rubuta masa naltrexone ko acamprosate, magungunan da ke taimakawa wajen hana komawa sha, a tuna cewa na biyun sau uku ake sha a rana, kuma akwai allurar naltrexone ta wata-wata ga wanda ba zai riƙe ƙwaya ba. A ɗage darussa masu nauyi zuwa wata na biyu da na uku, a tsawaita bibiya, a sake gwaji bayan wasu watanni a nuna masa takardun biyu gefe da gefe.

Ana kuma ƙoƙarin horar da ƙwaƙwalwar kai tsaye. Atisayen tunani a kwamfuta na ƙara maki a gwaji, amma shaidar cewa yana rage sha ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Wanda ya fi jan hankalina ya bi ta ƙofar matar Claparède ne. Reinout Wiers da abokan aikinsa sun sa marasa lafiya 214 a wani asibiti a Jamus cikin wani bincike da aka wallafa a 2011. Wasunsu an zaunar da su gaban kwamfuta da sandar sarrafawa a hannu, hoton giya ya fito su tura shi nesa, hoton abin sha marar sa maye ya fito su jawo shi, ɗaruruwan sau, a zama huɗu kacal. Ba wa'azi, ba abin haddacewa. Bayan shekara guda, waɗanda suka koma sha a cikinsu sun gaza na sauran da kimanin kashi 13 cikin ɗari. An maimaita binciken a Jamus da mutane fiye da haka, an kuma gwada shi a Ostireliya a kan waɗanda ke kwance ana cire musu giya, aka ga amfani, ko da yake ya fi fitowa a asibiti tare da sauran jinya fiye da idan mutum ya yi shi kaɗai ta intanet.